Ramin Jirgi a Duwatsun Rano? Yadda Ake Tantance Tsohon Hoton Hunturu

A ce wani tsohon hoto ya faɗo hannunka: layin dogo ya kutsa cikin rami a jikin dutse, hazo ya lulluɓe bayansa, a ƙasa kuma an rubuta cewa a duwatsun Rano ko Kibiya aka ɗauke shi a zamanin Turawa. Zuciya za ta so ta yarda, domin duwatsun suna nan, kuma kowa na son garinsu ya samu gurbi a tarihi. Amma rubutun ƙasan hoto kowa na iya yin sa. Shaidar da za a dogara da ita tana cikin hoton kansa, da kuma ƙasar da aka jingina masa.

Tambayar farko ita ce: jirgi ya taɓa bi ta nan? Layin da aka faro daga Baro, a bakin Kwara, a zamanin Gwamna Girouard, ya iso Kano a 1911. Daga Zariya ya biyo ta Dangora da Madobi, ya haye kogin Challawa, ya bar Rano da Kibiya can gabas. Reshen Nguru da aka kammala a 1930 arewa maso gabas ya nufa. Ƙasar da ke tsakanin Zariya da Kano kuwa shimfiɗaɗɗiya ce, kuma an gina layin ne da tsimin kuɗi, don haka abin da ya ci ƙarfin injiniyoyi gadoji ne da kwalbatoci. Mai neman sauƙi ba zai fasa dutse ba alhali ga fili a gefensa. Wannan kaɗai ya isa ya raunana rubutun hoton.

Sai a koma kan abin da ido ke gani. Hunturunmu ba ya zuwa da ƙanƙara, amma yana barin alamarsa a itatuwa: kuka takan yi tsirara, gawo kuma a lokacin ne yake cika da ganye, akasin sauran itatuwa. Hoton da babu launi ma yana nuna wannan. In aka ga farin abu kwance a ƙasa da itatuwan da ba namu ba, to hoton ya fito ne daga wata ƙasa. Faɗin dogon ma yana magana. Tsohon layin Kano ƙafa 3 da inci 6 ne tsakanin ƙarafansa, ƙaramin layin da ya tashi daga Zariya zuwa Jos, wanda aka rufe a 1957, ƙafa 2 da inci 6 ne. Mutum ɗaya da ke tsaye a gefe ya isa ma'auni.

Wani zai ce duwatsu kama suke yi da juna, hazo kuma ya ɓoye sauran alamomin. Gaskiya ne, kuma wannan ne dalilin da ya sa ba a yanke hukunci da siffar dutse kaɗai, domin kama da wane ba wane ba ne. Sai hanya da yanayi da faɗin dogo sun haɗu a kan magana ɗaya. Wani kuma zai ce dattawa sun ba da labarin jirgi. A saurare su da girmamawa, amma a tambaye su tashar da suka hau, domin manomin Kibiya da ya yi dakon gyaɗa zuwa tasha ya ga jirgi da idonsa, sai dai ba a garinsu ya gan shi ba.

Rano na cikin Hausa Bakwai, tarihinta ya girmi dogo da ɗaruruwan shekaru, ba ta buƙatar aron hoton wani wuri. Mai tsohon hoto a gida ya gwada shi da taswirori da takardun da ke Gidan Arewa da ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna, ko Gidan Makama a Kano. Abin da ya tabbata ya rubuta shi a bayan hoton, tare da sunan wanda ya gaya masa, domin jikokinsa da wannan rubutun za su yi aiki.