Maganin ɗigawa na hawan jinin ido: abin da ya kamata ku sani

Mutanen Tambuwal da Kebbe da Dogon Daji da ke zuwa Sakkwato ganin likitan ido, ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko a Asibitin Ƙwararru, da yawansu kan dawo gida da 'yar ƙaramar kwalba mai suna timolol. Likita ya ce a riƙa ɗigawa safe da yamma, kada a daina. Ganin ƙanƙantar kwalbar, sai a ɗauka aikinta a ido kaɗai ya tsaya. Ba haka ba ne. Ɗigon nan yana kai wa ga zuciya da huhu, don haka akwai waɗanda zai taimaka, akwai kuma waɗanda zai iya jefa su cikin hatsari.

Mene ne ciwon?

Hawan jinin ido, wanda likitoci ke kira gilakoma, ba shi ne hawan jinin da aka sani ba, kuma ba yanar ido ba ne. A cikin ido akwai wani ruwa garai-garai da ake samarwa kullum, yana kuma fita ta wata 'yar hanya. Idan hanyar ta cushe, ruwan ya taru, sai ya riƙa danne jijiyar da ke kai gani ga ƙwaƙwalwa. A ma'aunin likitoci, matsin ido mai lafiya yakan tsaya tsakanin 10 zuwa 21. Galibi ba a jin zafi. Gani yana fara raguwa ne daga gefe, mutum bai ankara ba sai ya soma karo da kaya a ɗaki. Abin da ya tafi kuma ba ya dawowa, saɓanin yana da ake cirewa ido ya washe.

Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna cewa kusan mutum 5 cikin 100 na waɗanda suka kai shekara 40 suna da wannan ciwo, kuma shi ne na biyu wajen makantar da mutane bayan yana. Mafi yawan masu shi ba su ma san suna da shi ba.

Yadda maganin ke aiki

Timolol ɗan gidan magungunan da ake kira beta-buloka ne, danginsu ɗaya da atenolol da propranolol da ake ba masu hawan jini da ciwon zuciya. An fara amfani da shi a ido a Amurka a 1978. Yana zuwa da ƙarfi iri biyu, 0.25% da 0.5%, wani lokaci kuma a haɗe da wani magani kamar dorzolamide a kwalba guda. Aikinsa shi ne rage yawan ruwan da ido ke samarwa, kamar a rage famfon da ke zuba cikin kwatamin da mafitarsa ta toshe. Yakan sauke matsin ido da wajen kashi ɗaya cikin huɗu. Ba ya ƙara gani, ba ya warkar da ciwon. Tsare ganin da ya rage yake yi. Wanda ya ce ya yi wata biyu yana ɗigawa bai ga canji ba, ya sani rashin ƙaruwar duhun shi ne nasarar.

Ta ina yake shiga jiki?

A gefen ido kusa da karan hanci akwai wata 'yar ƙofa da hawaye ke bi su sauka cikin hanci. Shi ya sa mai kuka yake jan majina. Mafi yawan ɗigon ta nan yake gangarawa, jijiyoyin cikin hanci su tsotse shi, ya shiga jini kai tsaye ba tare da hanta ta rage ƙarfinsa ba.

A ido, illar ba ta cika yawa ba: ɗan yaji, ja, bushewa, ko gani ya yi dishi-dishi na ɗan lokaci. Ta jiki ce abin lura. Maganin yana iya matse hanyoyin numfashi, don haka mai asma, wato fuka, ko mai tsohon ciwon huhu bai kamata ya yi amfani da shi ba, balle a lokacin hunturu da ƙura ke tayar da ciwon. Yana rage bugun zuciya, yana sauke jini, har tsoho ya ji jiri ya faɗi idan ya miƙe. Mai ciwon suga da ke shan magani ko allurar insulin ya kula, domin maganin kan ɓoye faɗuwar gaban da ke sanar da shi cewa suga ya yi ƙasa. Wasu kan yi fama da kasala, rashin barci, ƙuncin rai ko raunin mazakuta, su yi ta neman dalili a wani wuri, kwalbar na cikin aljihunsu.

Abin da za ku yi

Kafin a rubuta muku shi, ku gaya wa likita in kuna da asma, ciwon zuciya ko suga, ku kuma nuna masa duk magungunan da kuke sha. Mai juna biyu da mai shayarwa su faɗa. Akwai wasu magungunan, irin su latanoprost, da za a iya ba ku a madadinsa, akwai kuma aikin tiyata.

Wajen ɗigawa, ku wanke hannu, ku ja fatar ido ta ƙasa, ku sa ɗigo ɗaya tak, kada bakin kwalbar ya taɓa ido. Sai ku rufe idon, ku danna gefensa na wajen hanci da yatsa na minti biyu. Wannan ɗan dannawa yana rage abin da ke shiga jini sosai. In kwalba biyu aka ba ku, ku bar aƙalla minti biyar tsakaninsu. Ku ajiye maganin a inuwa mai sanyi, nesa da rana da hannun yara, kuma galibi ana jefar da kwalba bayan mako huɗu da buɗe ta.

Da azumi, malamai sun sha bamban kan ɗigon ido. Kada wannan ya sa ku ajiye maganin wata guda. Ku shawarci likita a mayar da lokacinsa zuwa sahur da bayan buɗa-baki.

In kwalba ta ƙare, kada ku yarda a canza muku da kowane maganin ido a kemis. Wasu masu kashe ƙaiƙayi da ja, irin su dexamethasone, ƙara matsin ido suke yi. Kada kuma ku ara wa maƙwabci naku don idonsa na ciwo.

Duk wanda ya ji numfashinsa na sarƙewa, ƙirjinsa ya yi nauyi, ko ya suma bayan ya ɗiga, ya dakata da maganin, a kai shi asibiti mafi kusa nan take, da kwalbar a hannu. In illar ƙarama ce, ku ci gaba da ɗigawa, ku koma wurin likita ya canza muku.

Ciwon yana bin dangi. In an same shi ga mahaifi ko ɗan'uwanku, ko kun kai shekara 40, ku je a auna muku ido tun kuna gani.