Kaka mace ko kaka namiji? Yadda za mu buga alamomin harshen Fotugis a kwamfuta

Duk wanda ya fara koyon harshen Fotugis, wanda ake magana da shi a Fotugal da Birazil da Angola da Mozambik da Gine Bisau, zai ga ƙananan alamomi a kan wasula. Da biro ba wuya. Amma da mun zauna gaban kwamfuta sai mu tarar babu su a madannai, domin yawancin kwamfutocin makarantunmu an tsara su ne don Turanci.

Kada mu ce ai ado ne mu tsallake su. A Fotugis avó kaka mace ce, avô kuma kaka namiji. País ƙasa ce, pais iyaye. É na nufin "ne" ko "ce", e kuma "da". Mu Hausawa mun san wannan sarai, tun da ƙafa daban kafa daban, ƙarya daban karya daban. Malamin Fotugis zai ja jan biro a kan alamar da ta ɓace kamar yadda malamin Hausa ke yi wa ƙugiyar da aka manta.

Alamomin biyar ne: karan da ya karkata dama (á é í ó ú), hula (â ê ô), lanƙwasa mai sa sauti ya fita ta hanci (ã õ), karan da ya karkata hagu (à), sai c mai wutsiya (ç) da ake furtawa kamar s.

Hanya mafi sauƙi a Windows ita ce mu shiga saitin harshe mu ƙara tsarin madannai mai suna United States-International. Da shi za mu danna alamar tukuna, sannan harafin. ' da e ya ba mu é, ^ da o ya ba mu ô, ~ da a ya ba mu ã, ` da a ya ba mu à, ' da c kuma ya ba mu ç.

Sai dai akwai tarko ga mai rubuta Hausa. A wannan tsari jama'a za ta fito jamaá, 'yan kuma ya koma ýan. Maganinsa mu danna dogon madannin tazara bayan ', ko mu riƙe madannin Windows mu danna na tazara don komawa tsohon tsari.

Idan kwamfutar ɗakin karatu ce kuma ba a yarda mu taɓa saiti ba, akwai lambobi. Mu kunna Num Lock, mu riƙe Alt, mu buga lambar a madannan lamba na gefen dama: 0231 don ç, 0227 don ã, 0245 don õ, 0233 don é, 0244 don ô. A cikin Microsoft Word kuwa, Ctrl da waƙafi sannan c na ba da ç, Ctrl da ' sannan wasali na ba da kara.

A waya abin ya fi sauƙi: mu danne harafin na ɗan lokaci, zaɓuɓɓuka za su bayyana.

Ga aikin wannan mako. Mu rubuta lambobin a ƙaramar takarda mu manna a bangon littafin Fotugis, sannan mu gwada buga não (a'a), pão (burodi), maçã (tuffa) da coração (zuciya). Wanda ya buga coração daidai ya haɗa wutsiya da lanƙwasa a kalma ɗaya, kuma sauran za su zo masa da sauƙi.