Hazo, Hayaƙi da Gawo: Iskar da Ake Shaƙa a Magariya da Dungas

Magariya, a jihar Damagaram ta Nijar, ba garin masana'antu ba ne, balle Dungas, wadda sai a shekarar 2011 aka cire ta daga Magariya ta zama gunduma mai cin gashin kanta. Duk da haka, daga Disamba zuwa Fabrairu akwai ranakun da rana kan fito fara fat, ba ta iya kashe ido, tari da mura kuma su bi gida-gida.

Wannan hazo baƙo ne. Mafi yawansa daga ƙasar Cadi yake tasowa, daga kwarin Bodele, kimanin kilomita 1,000 arewa maso gabas. Wurin ƙasan wani tsohon babban tafki ne da ya ƙafe, ya bar farar ƙasa mai laushi. Iskar hunturu na kutsawa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi, matsin ya ƙara mata ƙarfi, ta kwashi ƙurar ta yo kudu maso yamma. Babu dutsen da zai tare ta kafin ta iso jigawar Damagaram. Manyan ƙwayoyin kan zube a hanya, ƙananan ne ke isowa, su ne kuma ke wuce hanci su sauka cikin huhu.

Likitoci sun daɗe da lura cewa sanƙarau na bin sawun wannan yanayi. Ƙura ba ita ce cutar ba. Busasshiyar iska ce ke tsattsaga fatar cikin hanci da maƙogwaro, ƙwayar cutar ta samu ƙofa, sanyi kuma ya tara mutane ɗaki guda a rufe. Daga Nuwamban 2022 zuwa ƙarshen Janairun 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙidaya mutum 559 da suka kamu a jihar Damagaram, 18 suka rasu, kuma Dungas ce ta fi kowace gunduma jin jiki.

Sai dai ɗora wa Cadi laifin duka zalunci ne. Da kaka, mata na sussuka da shiƙa a bakin gari, ƙaiƙayin gero na tashi ya bi iska. Da dare a lokacin ɗari, iska mai sanyi kan kwanta ƙasa, ta danne hayaƙin murhu da na bola ya kasa tashi sama, musamman a ƙauyukan da ke kwarin Korama, inda ake noman rake da kayan lambu. Matar da ke girki da kara ko kashin shanu a rufaffen madafi, da goyo a bayanta, takan shaƙi abin da ya fi na mai tafiya kan titi muni, kuma ita kullum ne, ba ta da damina ba ta da rani.

Lokacin da ƙasar yankin kanta ke tashi shi ne bazara. An yi sharar gona, an ƙone abin da aka tara, dabbobi sun tattake sauran, gona ta zama fili tsirara. Hadarin farko na Mayu da Yuni kan turo iska mai ƙarfi a gabansa, ta ɗebi ƙasar sama, wadda ita ce mai taki, ta rufe gari da jan duhu kafin ɗigo ɗaya ya sauka. Hazon hunturu aƙalla yakan bar wa gona ɗan sinadari idan ya lafa. Ƙurar bazara kuwa asara biyu ce, ta huhu da ta rumbu.

A nan ne manoman yankin suka yi abin da ya kai sunansu duniya. Tun bayan farin shekarun 1980, mutanen Magariya, Matamaye da Mirriya suka daina sare tohon da ke fitowa da kansa a gona, suka riƙa yi masa sassabe suna rainonsa. Binciken da Mahamane Larwanou da abokan aikinsa suka fitar a 2006 ya kiyasta cewa gonakin da suka farfaɗo ta wannan hanya sun kai hekta miliyan 1, akasarinsu gawo. Halin gawo ya dace da matsalar: yana zubar da ganye da damina, ba ya hana gero rana, sannan ya yi kore shar da rani, daidai lokacin da ake neman abin da zai karya ƙarfin iska. Don taki da abincin dabbobi aka raine shi, ba don huhu ba, amma huhun ya ci riba.

Kara ne ya fi wuya. Malaman gona na cewa a bar shi kwance ya riƙe ƙasa, gaskiya kuma suka faɗa. Amma a ƙasar da ke cikin mafi cunkoson jama'a a karkarar Nijar, kara shi ne darni, shi ne makamashi, shi ne abincin dabbobi, idan rani ya tsananta kuma kuɗi ne a kasuwa. Mai gida da ke kallon rumbu na raguwa a watan Maris ba zai bar damin kara a gona ba saboda iskar da za ta taso a watan Yuni.