3.4 Madubin Ilektaron na Daskararwa da Nazarin Allurar Bakteriya

A wannan fasali za a yi bayani a kan yadda masana suka gano ƙirar kafar da wasu bakteriya suke bi wajen cusa furotin ɗinsu a cikin ƙwayoyin jikin ɗan'adam. Masana sun kasa waɗannan kafofi gida-gida, amma a nan za a taƙaita ne ga nau'i na uku, wanda ake samu a jikin Salmonela mai haddasa taifot, da Shigela mai kawo atuni.

Ita dai wannan kafa ta yi kama da allurar likita, kuma faɗin raminta bai wuce nanomita 3 ba. Madubin da ke aiki da haske kuwa ba ya iya tantance abin da ya gaza nanomita 200. Shi kuma madubin ilektaron, wanda Ernst Ruska da Max Knoll suka ƙera a Jamus a 1931, yana aiki ne a inda babu iska, don haka sai an busar da abin da za a duba, wanda hakan kan jirkita siffarsa.

A farkon shekarun 1980 Jacques Dubochet ya warware wannan matsala a Haidelbag. Dabararsa ita ce a tsoma samfurin cikin ruwan iskar etan mai tsananin sanyi farat ɗaya, ta yadda ruwan jikinsa zai daskare kamar gilashi ba tare da ya yi tsakuwar ƙanƙara ba. Daga nan sai a ɗauki dubban hotuna, kwamfuta ta harhaɗa su ta fitar da siffa guda mai tsawo da faɗi da kauri. A kan wannan aiki ne aka ba Dubochet da Joachim Frank da Richard Henderson kyautar Nobel a 2017.

An fara ware allurar Salmonela aka gan ta a 1998, amma madubin daskararwa ne ya fito da sassanta filla-filla. An gano cewa gindinta zobba ne da suka ratsa fatun bakteriya guda biyu, kuma zoben ciki yana da furotin iri biyu, kowanne guda 24. Haka kuma an tabbatar da cewa saboda ƙuncin ramin, dole furotin ya warware kamar zare kafin ya wuce.

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa sanin ƙirar allurar yana da matuƙar muhimmanci, musamman ganin yadda ƙwayar taifot take ƙara bijire wa magunguna. Idan aka san inda za a toshe ta, ana iya haɗa maganin da zai raba ƙwayar da makaminta ko da bai kashe ta ba.