Na'ura ɗaya, manhaja biyu: a kwashe hatsi kafin a taɓa rumbu

Tun ranar 14 ga watan Oktoba na 2025 kamfanin Microsoft na ƙasar Amurka ya daina aiko wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro, sai fa ga wanda ya shiga shirinsa na ƙarin wa'adi. Labarin kamar na nesa ne, amma ya shafi biro-biro da shagunan Madawa da Buza da Keita, inda na'urori masu ƙwaƙwalwa da dama na hannu ne da aka sayo a Maraɗi ko Kano ko Yamai. Windows 11, wadda ta fito a 2021, tana neman giga 4 na ƙwaƙwalwar aiki, da giga 64 na wurin ajiya, da wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0 wanda tsofaffin na'urori da yawa ba su da shi. Irin wannan na'ura tana nan tana aiki, sai dai in ta hau intanet ta zama gida maras ƙyaure.

Mafitar da masu gyara ke kawowa ita ce Linux, babbar manhajar da wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya soma a 1991. Kyauta ce, kuma tana da iri-iri, kamar Ubuntu da ta fito a 2004, da Linux Mint, da Emmabuntüs da aka tsara a Faransa musamman don tsofaffin na'urori. To amma ma'aikaci ko ɗan kasuwa ba ya iya sallamar Windows dare ɗaya, domin wasu manhajojin lissafi da wasu injunan buga takardu ita kaɗai suka sani. Shi ya sa ake zaunar da su biyun cikin na'ura ɗaya: Windows don tsohon aiki ba tare da intanet ba, Linux kuma don saƙonni da bincike.

Hakan ba ya yiwuwa sai an raba babban faifan ajiya, wato rumbun na'urar. A farkon faifan akwai wani jadawali da ke nuna inda kowane kaso ya fara da inda ya tsaya. Tsohon jadawalin, MBR na 1983, manyan kaso 4 kawai yake ɗauka. Sabon, GPT, yana kai 128. Windows na rubutu da tsarin NTFS, Linux kuma galibi da ext4. Da yake Windows kan mamaye kusan faifan duka, dole a matse kasonta a fitar da fili, aƙalla giga 25 in Ubuntu ce. Bayan an gama, duk lokacin da aka kunna na'urar wata ƴar manhaja mai suna GRUB za ta tambayi wacce za a shiga. Windows ake fara sakawa, domin in ta zo daga baya takan ture GRUB daga ƙofa. Kuma Linux na karanta kason Windows, alhali Windows ba ta karanta na Linux da kanta, saboda haka takardun da ake buƙata ta kowane gefe a kason NTFS ake barinsu.

Haɗarin yana wajen matsar da iyaka. A wannan lokaci na'urar na ɗauke bayanai daga wani wuri zuwa wani, in wuta ta ɗauke a tsakiya ana iya rasa kason baki ɗaya. Mutanen Adar ba sai an ba su labarin ɗaukewar wuta ba. Ko da yake tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7 ta fara aiki a 2018, kowa na tune da abin da ya faru a watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take turo wa Nijar. Don haka ba a soma aikin sai da cikakken batir, ko da akwatin nan mai riƙe wuta da ake kira onduleur. Wajibi ne kuma a kashe saurin tashi na Windows, a kuma rubuta lambobi 48 na makullin BitLocker a takarda in faifan a kulle yake. Sannan a karanta allon sakawa da natsuwa, domin zaɓin zama kusa da Windows da zaɓin shafe faifan duka maƙwabtan juna ne.

Abin da ke cikin waɗannan na'urori ya fi su tsada. Tun dokar karkara ta 2 ga watan Maris na 1993 kwamitocin filaye ke rajistar gonaki da cinikinsu. A Keita, inda aikin raya karkara na haɗin gwiwar Italiya da FAO ya farfaɗo da ƙasa tun daga 1984, fako da yawa ya koma gona mai daraja, kuma takardar shaidarta na iya kashe rigimar gado. Haka ma dillalin albasa na kwarin Tarka da ke tura buhuna Akra ko Abijan: in jerin bashinsa ya ɓace, babu mai gyaran da zai tuna masa wanda ya biya da wanda bai biya ba.

Akwai kuma masu zaton kaso na biyu ma'ajiya ce ta ko-ta-kwana. Ba haka ba ne. Kason biyu kan faifai ɗaya suke, in zafi ko faɗuwa ko tsufa ya kashe shi, tare za su tafi. Abin da ya dace shi ne a kwafe kome a wuri biyu na waje, faifan tafi-da-gidanka da kile na USB, a buɗe su a wata na'ura a tabbatar takardun na karantuwa, a kuma aje ɗaya a wani gini dabam. Na'urar gwamnati kuwa ba a taɓa ta sai da izinin magabata. Duk mai gyaran da ya ce a fara rabo kafin kwafi, a karɓe na'urar daga hannunsa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.