Kula da Kare da Kyanwa a Lokacin Bazara

Kare da kyanwa ba sa yin gumi a duk jiki kamar ɗan'adam, sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa. Shi kare da haki yake rage zafin jikinsa, ita kuwa kyanwa da lasar gashinta. Zafin jikin lafiyayyen kare bai cika wuce digiri 39 na ma'aunin Salshiyas ba. Idan ya haura 41, to rayuwarsa tana cikin haɗari. Saboda haka, daga Maris zuwa Mayu wajibi ne a tanadar musu inuwa da ruwan randa, kuma kada a ɗaure kare a rana. Duk dabbar da ta galabaita, a jiƙa ta da ruwan sanyi, sannan a garzaya da ita asibitin dabbobi.