Shin Ya Halatta Ma'aikaci Ya Kai Karen Gwamnati Gidansa?



Takarda ta zo mana daga wani ma'aikacin tsaro, haifaffen Shanga ta ƙasar Yawuri, wanda aka koya masa aiki da irin karnukan nan masu shinshino kayan laifi. Ya ce manyansa sun nuna masa zai fi kyau karen ya riƙa kwana a gidansa. Tun bai ba da amsa ba magana ta isa kunnen mahaifinsa, tsohon kuwa ya aiko masa cewa ran da kare ya shiga gidan, ran nan ya bar cin tuwon matarsa, kuma ba zai ƙara shimfiɗa buzunsa a can ba. Bawan Allah ya rasa tudun dafawa, yana tambaya ko ya bar aikin ne, ko kuwa ya saɓa wa tsoho.

Wannan tsari ba baƙo ba ne a duniya. A Ingila yawancin karnukan 'yan sanda a gidajen masu riƙonsu suke kwana, cikin ɗan ɗakin da aka kafa musu a waje, haka kuma da yawa daga karnukan masu sintirin iyakar Amurka. Dalili kuwa shi ne, kare mutum ɗaya yake bi. Wanda ke ba shi abinci safe da yamma shi zai fara lura in ya yi rashin lafiya, muryarsa kuma ita zai ji in aka tashe su aiki da tsakar dare.

Wani zai ce ina ruwan Shanga da wannan, alhali ba a bakin iyaka take ba? To, ai kogin Kwara ta Jihar Kebbi yake shigowa Nijeriya daga tsakanin Benin da Nijar, ya gangaro ta ƙasar Shanga da Yawuri da Ngaski, ya bazu cikin tafkin da madatsar Kainji ta tara tun 1968. Ga kuma babbar hanyar Jega da Koko wadda ta zarce Kwantagora. Jirgin ruwan da ke ɗauko shinkafa da busasshen kifi na halal, shi ne mai fasa-ƙwaurin ƙwaya ko harsashi ke neman ɓoye kayansa a ciki. Fatake ba su manta da rufe iyakoki da aka yi a Agustan 2019 ba, wanda ya sa mashigar Kamba ta zauna a rufe har Afrilun 2022, iyaye kuma ba su manta da ɗaliban makarantar Birnin Yawuri da 'yan bindiga suka kwashe a Yunin 2021 ba. Karen da aka horar yakan zaga mota cikin ɗan lokaci, ba tare da an sauke kaya an farke buhuna ba, wannan kuwa sauƙi ne ga ɗan kasuwa mai gaskiya. Kare dai ba ya karɓar na goro. Sai a yi addu'a wanda ke riƙe da sarƙarsa ya yi koyi da shi.

Game da hukunci, mutanenmu kan cuɗa mas'aloli biyu, watau tsarkin kare da halaccin ajiye shi. A mazhabar Imamu Malik, wadda a kanta malaman ƙasar nan suka yi karatu, duk mai rai tsarkakakke ne, da jikinsa da guminsa da yawunsa, kare ma yana ciki. Haka Shehu Halil ya tabbatar a farkon Muhtasar. Umurnin da ya zo a hadisi na wanke ƙwarya sau bakwai in kare ya sa baki a ciki, Malikawa sun ɗauke shi ta'abbudi, watau bin umurni ne kawai ba don najasa ba. A mashhurin zance mustahabbi ne, ya shafi mazubin ruwa ne ban da na abinci, kuma ba a sharɗanta ƙasa ba. Imamu Shafi'i ne ya ce najasa ce mai nauyi, a wanke sau bakwai, ɗaya da ƙasa. Saboda haka ma'aikacin da kare ya goga wa riga, sallarsa ingantacciya ce a wurinmu, tuwon gidansa kuma halal ne. Allah da kansa, a aya ta 4 ta Suratul Ma'ida, Ya halatta cin abin da horarren kare ya kamo, ga shi kuwa da baki yake kamowa.

Amma wajen ajiyewa, kada a yi wa tsohon nan dariya, gama yana da madogara. Ya zo a Muwaɗɗa cewa wanda ya riƙi kare ba don farauta ko kiwo ba, ana rage masa ƙiraɗi biyu na lada kowace rana, a wata ruwaya kuma an ambaci gona. Ibnu Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a 386 bayan Hijira, ya faɗa a ƙarshen Risala cewa ba a ajiye kare a gidajen birni ko na ƙauye sai na gona, ko wanda ke fita da bisashe ya komo tare da su da yamma, ko na farautar neman abinci ba ta wasa ba. Wannan shi ne karatun da tsofaffinmu suka ji a zaure, kuma a kansa Fulanin bakin tafki da maharban Shanga suke riƙon karnukansu ba wanda ya ce musu uffan.

Sai dai masu sharhin Risala sun kawo labarin cewa shi mawallafin da kansa, da katangar gidansa ta faɗi a zamanin da yake jin tsoron masu mulkin Ƙairawan, sai ya ajiye kare. Da aka tuna masa cewa Malik ya ƙi haka, sai ya amsa da cewa da Malik ya riski zamaninsu, da zaki ma ya ajiye. Ibnu Abdil Barri na Andalus kuma ya yi ƙiyasi, ya ce abin da aka duba a cikin ukun nan shi ne jawo amfani da tunkuɗe cuta, duk inda bukata ta gaskiya ta samu, izini ya samu. Mu a ganinmu, in an yarda kare ya tsare garken shanu, ba a hana wanda ke tsare 'ya'yan Musulmi daga ƙwaya da bindiga ba. Kamarsa da karen makiyayi ma a fili take: ya fita aiki da ubangidansa, ya komo tare da shi. Wanda hadisin ya fi shafa shi ne attajirin da ya sayo kare mai tsada don a gani, yana hawa kujerun falo. Batun kuɗin sayensa kuwa, ko da yake Malik ya hana cinikin kare, Sahnunu ya halatta sayar da wanda aka yi izinin riƙonsa.

Saura hadisin da ya nuna mala'ikun rahama ba su shiga ɗakin da ke da kare. Imamu Haɗɗabi ya ce wannan bai haɗa da karen da aka halatta ba, Imamu Nawawi kuwa ya ce ya game duka. Tun da manya sun saɓa, mafita ita ce a gina wa karen nasa wuri can gefe, nesa da ɗakunan kwana da wurin salla da randa, da kaskonsa na ci da na sha dabam. A sa masa inuwa da ruwa, domin zafin bakin kogi a watan Afrilu ba wasa ba ne, kuma an gafarta wa wani mutum saboda shayar da kare mai ƙishirwa. A kai shi wurin likitan dabbobi a yi masa allurar haukan kare, wadda cibiyar Vom ta Jihar Filato ke yi; in kuwa ya ciji wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa har minti 15, a garzaya asibiti ba tare da jiran komai ba.

Akwai kuma haƙƙin maƙwabci. Ma'aikacin da ke zaune a gidan haya, tsakar gida ɗaya da iyalai huɗu ko biyar, yara na rarrafe, almajirai na shigowa bara, ba shi da ikon tsoratar da su da dabbar da aka koya wa kamu, balle in akwai wanda ke bin fatawar Shafi'i a cikinsu. Irin wannan sai ya gaya wa manyansa gaskiya, karen ya zauna a bariki. Hukumar da ta ce a kai kare gida kuwa, ita ce za ta gina ɗakin, ta biya abinci da magani. Zalunci ne a ɗora wa ƙaramin ma'aikaci ciyar da bakin da ya fi na 'ya'yansa tsada.

Shi kuwa mai tambaya, kada ya bar aikinsa, kada kuma ya aika wa mahaifinsa da wannan jarida kamar mai kai sammaci. Ya tafi Shanga da kansa, ya nemi malamin da tsohon ke girmamawa, su buɗe sharhin Risala tare a zaure, sa'an nan ya roƙe shi ya zo ya ga inda za a kafa ɗakin kafin a aza bulo ko ɗaya.